Wa Ya Saƙa?

Ni mai wankin raguna ne a Alaba Rago.
Sallau ya riƙe ƙafa, ni in riƙe ƙaho,
mu cuɗe shi har ya yi fari fat,
don mai saye ya ga fari ya manta da haƙarƙari.

Shekara shida ina tura gashi cikin kwata.
Na uda da na balami taurin kai gare shi,
kowane tsinke zaman kansa yake yi,
ruwa ya zo ya kwashe shi sai teku.

Bara wata tirela ta sauke baƙi daga Mali,
raguna masu suma a murɗe,
zafin Ikko ya sa su haki kamar zugazugi.
Mai su ya ce a yi musu aski.
Muka aske, muka wanke, magariba ta yi.

Da asuba na tarar kwata ta toshe.
Na zura hannu na jawo wani abu,
ba tsumma ba, ba fata ba,
faɗinsa bai fi faifai ba.
Na ja, ya ƙi yagewa.
Sallau ya ja, ya ce, "Wa ya saƙa?"
Ba kowa.
Kumfa ce, da ɗumin ruwa,
da dugaduganmu da suka wuni suna tattaka shi.

Buhu uku na ɗauka zuwa Okokomaiko.
Tabawa ta tare ƙofa, hannu a hanci:
"Ka bar ragon a kasuwa, ka kawo mini warinsa?"

Na tsefe ulun da matajinta,
laifin da har yau ba a yafe mini ba.
Na shimfiɗa shi siriri-siriri,
na ƙasa ya dubi gabas, na sama ya dubi kudu.
Na huda gwangwanin madara na yayyafa ruwan zafi,
na goga sabulu, na naɗe a tabarma,
na murza,
na murza har aka kira la'asar,
na dawo daga masallaci na murza.

Hular farko da kaina na auna ta.
Ashe ulu ma dillali ne, sai ya cire la'adarsa.
Kwana huɗu tana rataye a igiya,
don daminar garin nan ba ta san shanya ba.
Ranar da ta bushe
sai kan Nomau, ɗan wata bakwai.

Yanzu hannuna ya san lokacin:
in na tsunkula bai biyo yatsa ba, ya kamu.
Na yi wa Wasiu kwandasta shimfiɗar takalmi,
ya ce dunduniyarsa ta daina zaginsa.
Na yi wa Mama Nkechi gammo, na ɗaukar burodi.
Na yi wa filas ɗin mai shayi riga,
ruwansa yakan kai sha ɗaya da zafinsa.
Rinin zoɓo kam ya ci amanata,
wanki biyu ya koma launin toka.

Wata rana a danfo, hanyar Mile 2,
mu sha takwas a mazaunin sha huɗu,
gumin wani a kafaɗata, gwiwar wani a bayana,
mota na murza mu daga rami zuwa rami,
na tambayi kaina: ni gashin uda ne ko ulun Mali?
Ban samu amsa ba aka ce in ba da kuɗin mota.

Buhu na uku ya kusa ganin gindinsa.
Jiya na farka tsakar dare na ji ƙarar tabarma.
Tabawa ce, kumfa har gwiwar hannu.
Ba ta ɗago kai ba ta ce,
"Tirelar nan ta Mali, yaushe za ta dawo?"